Bulala ga Dokin da Ya Gaji: Maganin Zuciya a Jakar Kafaɗa

A watan Nuwamba na 1991 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wani gwaji da ya sanyaya gwiwar likitocin zuciya. An tara majinyata 1,088 masu fama da gazawar zuciya mai tsanani, aka kasa su gida biyu: wasu suna shan ƙwayar milirinon, wasu suna shan ƙwayar da babu komai a cikinta. Dakta Milton Packer ne ya jagoranci aikin, sunan da aka raɗa wa gwajin kuwa PROMISE, wato alkawari. Alkawarin bai cika ba. Mace-mace sun ƙaru da kashi 28 cikin ɗari a tsakanin masu shan maganin, a rukunin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani kuwa ƙarin ya kai kashi 53. Aka tsayar da gwajin tun bai kai wa'adinsa ba, ƙwayar kuma ba ta sami izinin shiga kasuwa ba.

Fiye da shekara talatin bayan haka, ana sallamar majinyata daga manyan asibitocin Amurka da wannan magani rataye a kafaɗarsu. A wannan karon ruwansa ne. Yana cikin leda, ledar tana cikin 'yar jaka tare da ƙaramin famfo mai batir, famfon yana tura maganin ta wani siririn bututu da aka zura daga jijiyar dantse har zuwa babbar jijiyar da ke bakin zuciya. Dare da rana, a mota, a banɗaki, a kan gado, ba a tsayar da shi. Wanda ya saba ganin ƙarin ruwa a asibiti, leda rataye a ƙarfe, nas tana ƙirga ɗigo, ya san abu ne na awowi ko 'yan kwanaki. Wannan na watanni ne, wani lokaci har ya haura shekara, kuma mai kula da shi galibi matar majinyacin ce, ko mijinta, ko 'yarsa.

Ta yaya maganin da ƙwayarsa ta gaggauta mutuwa a gwaji ya zama abin da ake miƙa wa mutum ya tafi da shi gida? Akwai hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. A wasu lokutan ma wannan jaka ita ce mafi jinƙan abin da likita zai iya bayarwa. Sai dai halaccinta ya rataya ne a kan sharaɗin da ake yawan tsallakewa: a faɗa wa majinyaci tun ranar farko abin da maganin zai saya masa da abin da ba zai saya ba, a kuma shirya yadda za a cire shi tun kafin a ɗaura.

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa kusan sau dubu ɗari a yini, tana tura kimanin lita biyar na jini kowane minti idan yana hutawa. A kowane bugu, babban ɗakinta na hagu yana fitar da fiye da rabin jinin da ke cikinsa. Idan tsokar ta raunana, ko saboda toshewar jijiyoyinta, ko hawan jini na shekaru, ko wani ciwo na gado, abin da ke fita sai ya yi ta raguwa har ya koma kashi 20 ko 15. Jini ya taru a baya, ruwa ya cika huhu, ƙafafu da ciki su kumbura. A gaba kuma ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa su rasa rabonsu. Mutum ya yi haki daga gado zuwa ƙofa, ya kasa kwanciya rigingine sai dai ya kwana a zaune, abinci ya fita daga ransa, hannuwansa su yi sanyi, tunaninsa ya riƙa dushewa. Wannan shi ne matakin ƙarshe, inda ƙwayoyin da suka riƙe shi shekaru suka daina isa, wasunsu ma jikin ya daina iya ɗauka.

Malaman likitanci sun daɗe suna kwatanta irin wannan zuciya da dokin da ya gaji yana jan amalanke a hawa. Ana iya rage masa kaya, wanda shi ne aikin magungunan fitar da ruwa da masu buɗe jijiyoyi. Ana iya rage masa sauri ya sami numfashi, aikin magungunan da ke sassauta bugun zuciya ke nan. Ana iya sauya doki, wato dashen zuciya, ko a ɗaura wa amalanken inji. Ana kuma iya zaro bulala. Milirinon da ɗan'uwansa dobutamin su ne bulalar. Doki zai zabura, amalanke ya motsa, kowa ya ga ci gaba da idonsa. Amma duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san bulala ba ta ƙara wa dabba ƙarfi, abin da ya saura take tatsewa.

Dobutamin, wanda aka haɗa a ɗakin binciken kamfanin Eli Lilly a shekarun 1970, yana kwaikwayon sinadarin adirenalin ne, yana ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayoyin tsokar zuciya daga waje. Milirinon daga ciki yake aiki: yana hana jiki rushe saƙon da ke umartar tsokar ta matsa. Ƙarshensu ɗaya, ƙarin sinadarin kalsiyam a cikin tsoka da matsa mai ƙarfi. Wannan kalsiyam ɗin ne kuma ke rikita lantarkin zuciya, ya haifar da bugu marar tsari da kan kashe mutum nan take. Amfanin da haɗarin daga rijiya ɗaya ake ɗebo su, babu yadda za a sami wannan a bar wancan. Bambancin da ya kamata iyali su sani shi ne na lokaci. Rabin dobutamin yana ɓacewa daga jini cikin kamar minti biyu. Milirinon yana ɗaukar fiye da awa biyu, kuma ƙoda ce ke fitar da shi, don haka idan ƙodar ta raunana sai ya taru ya kayar da ƙarfin jini.

A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya uku na Amurka suka fitar da ƙa'idojin kula da gazawar zuciya, suka yi magana a fili kan wannan magani. Ana iya ba da shi a matsayin gada ga wanda ke jiran dashen zuciya ko dashen inji. Ana iya duba yiwuwar ba da shi don sauƙaƙa wahala ga wanda ba zai sami ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ba da shi na dogon lokaci don wani dalili ban da waɗannan, in ji ƙa'idojin, yana iya cutarwa.

Kan gadar babu gardama sosai. Tun daga 2022 ana dasa zuciya fiye da 4,000 a shekara a Amurka, ƙasar da manya fiye da miliyan 6 ke fama da gazawar zuciya, saboda haka jira dole ne, kuma jira a gida ya fi jira a gadon asibiti. Abin lura kawai shi ne gadar ta ƙara tsawo. A watan Oktoba na 2018 aka sauya tsarin rabon zuciya zuwa matakai shida, wanda ke gida da jakar magani ya faɗa mataki na huɗu, bayan waɗanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman da na'urori a jikinsu. Injin kuwa, wani famfo ne da ake dasawa a ƙirji ya riƙa tura jini a madadin ɗakin hagu. A gwajin REMATCH na 2001, cikin majinyata 129 da ba su cancanci dashen zuciya ba, kashi 52 na waɗanda aka dasa wa inji sun kai shekara guda a raye, na waɗanda aka bari a kan magani kashi 25. A shekara ta biyu 23 da 8. Injin zamani, HeartMate 3, ya kai kashi 58 na masu shi shekara biyar. Tsohon mataimakin shugaban Amurka Dick Cheney ya rayu da irin wannan famfo daga Yulin 2010 har aka dasa masa zuciya a Maris na 2012, yana da shekara 71. Wanda jikinsa zai ɗauki inji, aka bar shi a kan ledar magani ba tare da an kai shi cibiyar da za ta auna shi ba, an zalunce shi.

Gardamar tana kan ɗaya rukunin: wanda shekaru suka ja, ko ƙodarsa ta lalace, ko yana da ciwon daji, ko ɓangaren dama na zuciyarsa ma ya gaza, ko kuwa an yi masa tayin tiyata ya ce ya gode. Alƙaluman wannan rukuni ba su da daɗin ji. A 2003 Dakta Ray Hershberger da abokan aikinsa a jihar Oregon suka ba da rahoton majinyata 36 da aka sallama da maganin: rabinsu sun rasu kafin wata uku da rabi, kashi 6 kacal suka kai shekara. Wani rahoto daga Jami'ar Alabama da ke Birmingham a 2015, kan majinyata 197, ya nuna abin ya ɗan gyaru: a cikin waɗanda aka ba su don sauƙaƙa wahala, rabi sun kai wata tara, kusan kashi 48 sun kai shekara. Ƙila ƙaramin ma'aunin da ake bayarwa yanzu da na'urorin da ke tsare bugun zuciya ne suka kawo bambancin. Ko ma mene ne, wata tara wata tara ne.

Masu suka suna cewa likita ba shi da hurumin ba da abin da ake zargin yana rage kwana. Maganar tana da nauyi, amma ta kuskure wurin kwatantawa. Majinyatan gwajin 1991 mutane ne masu yawo da ƙafafunsu, waɗanda za su iya rayuwa babu milirinon. Wanda ake sallama da jaka kuwa mutum ne da aka yi ƙoƙarin yaye shi daga maganin a asibiti, sau ɗaya ko sau biyu, aka kasa: da an rage sai jini ya faɗi, fitsari ya tsaya, numfashi ya sarƙe. Tsawon rai ba ya cikin abubuwan da ke gabansa. Abin da ke gabansa uku ne: ya zauna a asibiti da maganin har ajali, ya koma gida da maganin, ko a cire shi ya yi 'yan kwanaki ko makonni. Wanda ya hana shi na biyu da sunan kare shi daga haɗari, ya zaɓa masa ɗaya daga cikin sauran ne ba tare da ya tambaye shi ba.

Abin da maganin ke bayarwa kuma ba ƙarami ba ne. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya haɗa bincike 66, ya gano cewa yana ɗaga majinyaci fiye da mataki ɗaya a ma'aunin matakai huɗu da likitoci ke auna tsananin ciwon da shi, yayin da tasirinsa kan tsawon rai bai fito fili ba ta kowane gefe. Mataki ɗaya a takarda kamar ba komai ba ne. A jiki kuwa shi ne tazarar da ke tsakanin mai haki yana zaune da mai haki sai ya yi tafiya. Tsakanin wanda ake ba abinci a baki da wanda ke cin tuwonsa, ko abin da ya sauwaƙa a gidansu, tare da jikokinsa. Binciken da Dakta Lynne Warner Stevenson da abokan aikinta suka yi a Boston ya nuna majinyatan zuciya sun rabu kan wannan ciniki: wasu ba za su sayar da ko yini ɗaya na rayuwarsu ba, wasu za su ba da mafi yawan abin da ya rage musu don su sami sauƙin numfashi. Ya kuma nuna ra'ayin yakan sauya idan jiki ya yi sauƙi. Ke nan tambayar ba ta sau ɗaya ba ce, kuma ba likita ne mai amsa ta ba.

Akwai mutum na biyu da ake mancewa da shi a wannan ciniki, shi ne mai jinya. Kantin magani yana aiko ledoji, a adana su a firji. Ana sauya leda kullum ko bayan kwana biyu, ana sauya batir, ana ajiye famfo na biyu kusa don kada na farko ya mutu da tsakar dare. Nas takan zo kamar sau ɗaya a mako ta sauya bandeji ta ɗebi jini. Sauran kwana shida na iyali ne. Kowace safiya a hau sikeli, domin ƙarin kilo ɗaya ko biyu cikin 'yan kwanaki ruwa ne ke taruwa. Ba a barin bakin bututun ya jiƙe a wanka. Ba a tura ruwa a wanke bututun da maganin ke bi, domin hakan zai watsa wa zuciya abin da ke cikinsa a lokaci guda. Zazzaɓi kuwa ba abin jira gari ya waye ba ne: bututun hanya ce buɗaɗɗiya daga fata zuwa bakin zuciya, kuma a rahoton Alabama kusan uku cikin goma sun kamu da ƙwayoyin cuta. Idan famfo ya yi ƙara da ƙarfe uku na dare, kuma dobutamin ne a ciki, matar da ba ta taɓa shiga makarantar jinya ba tana da 'yan mintoci ta gano ko bututu ne ya lanƙwashe ko batir ne ya ƙare. Takardar amincewa majinyaci ke sa mata hannu, amma rabin nauyin a wuyan wannan mata yake, kuma ya kamata a nemi yardarta da irin girmamawar da aka nemi tasa.

Inda abin ke ɓaci shi ne maganin yana aiki da kyau ƙwarai a kwanakin farko. Mutumin da aka fid da rai da shi ranar Litinin, ranar Laraba yana zaune yana neman shayi, kumburi ya saɓe, ƙoda ta farfaɗo. Iyali su ga waraka. Likitan da ya san bulala ce kawai sai ya ji nauyin ɓata musu farin ciki, ya ce za a tafi da maganin gida a matsayin gada, a ga abin da hali zai yi. Kalmar gada tana da daɗi a baki, amma gada sai da gaɓa biyu. Idan kwamitin dashe ya riga ya ce a'a, likitan tiyata ya ce a'a, to babu gaɓa a wancan gefen, kuma kiran abin gada yaudara ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi ta. Jakar takan zama hanyar ɗage maganar da ya kamata a yi a ranar, ta kuma buɗe gado a asibiti, kowa ya rabu lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutumin da ya san watanni ne suka rage masa zai yi wasiyya, ya biya bashi, ya nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya kira ɗansa da ke nesa. Wanda aka bari yana zaton yana kan hanyar warkewa, an ƙwace masa wannan dama, alhali don irinta aka ɗaura masa maganin.

Cikin maganar da ake gudu har da ta na'urar da ke ƙarƙashin fatar ƙirji. Yawancin waɗannan majinyata suna da ita: ƙaramar na'ura da ke lura da bugun zuciya, idan ya rikice ta harba lantarki ta daidaita shi. Masu ita sukan kwatanta harbin da shurin doki a ƙirji. Kusan ɗaya cikin shida na majinyatan Alabama sun sha shi. Ga mai jiran dashe, harbin ceto ne. Ga wanda ke kwanakinsa na ƙarshe, yana iya zama azaba da ke maimaita kanta a gaban 'ya'yansa. Ana iya kashe sashen harbin ba tare da tiyata ba, da kwamfutar likita ko da maganaɗisu, a bar sashen da ke daidaita bugu yana aikinsa. Ƙungiyar likitocin lantarkin zuciya ta Amurka ta bayyana tun 2010 cewa yin hakan bisa buƙatar majinyaci janye magani ne, ba kisa ba. Magana ce ta minti goma, amma sai a ɗage ta har daren da aka fi buƙatarta, lokacin da babu wanda zai zo.

Wani cikas ɗin kuma na lissafin kuɗi ne, kuma abin kunya ne ga ƙasa mai arzikin Amurka. Tun 1982 inshorar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, take da tsarin jinyar ƙarshen rayuwa da ake kira hosfis: idan likita ya shaida cewa kwanan mutum bai wuce wata shida ba, ƙungiyar nas-nas da likitoci da masu ba da shawara za su riƙa zuwa gidansa, su kuma tallafi iyalinsa. Ana biyan ƙungiyar kuɗi ƙayyadajje, dala ɗari biyu da 'yan kai a rana, daga ciki za ta sayi duk maganin da ya shafi ciwon. Ledar milirinon da famfo da kayan bututu suna cin babban rabo daga wannan kuɗi, don haka ƙungiyoyi da yawa ba sa karɓar mai jaka sai ya ajiye ta. Medicare ɗin nan kuwa tana biyan kuɗin maganin ta wata ƙofa, muddin mutum bai shiga hosfis ba. Sakamakon shi ne a ce wa mai mutuwa ya zaɓa tsakanin abin da ke ba shi numfashi da mutanen da suka ƙware wajen raka mai mutuwa. Da yawa sukan riƙe jakar, su rasa rakiyar, su ƙare a motar asibiti da sashen gaggawa, wurin da aka sallame su don su guje masa. An gina tsarin ne da ciwon daji a zuciya, wanda gangararsa a bayyane take. Ciwon zuciya kuwa faɗuwa yake da tashi, kowane tashi bai kai na baya ba, har faɗuwar da babu tashi.

Mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya tambaya ko wannan hanya za ta yiwu a wurinsa. Gazawar zuciya dai ba baƙuwa ba ce: binciken THESUS-HF na 2012, kan majinyata 1,006 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya sami matsakaicin shekarunsu 52, hawan jini kuma shi ne kan gaba a sanadi; a Sakkwato an taɓa ƙididdige raunin zuciya na bayan haihuwa a haihuwa ɗaya cikin 102, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Amma waɗannan zukata ne da ƙwayoyi masu sauƙin kuɗi za su iya riƙewa shekaru, wasu ma su farfaɗo. Jakar kafaɗa tana bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, nas mai zuwa gida, ɗakin gwaji, motar gaggawa, da dashen da ake jira a ƙarshe. Inda babu waɗannan, haɗarin ne kawai zai isa gida. Inda batun zai iya riskar iyali shi ne a asibitin ƙasar waje, ranar da likita zai ce za a sallami baba da famfo. A ranar, tambayar farko ita ce: gada ce zuwa ina?

Tambaya ta biyu ita ce yadda abin zai ƙare, domin zai ƙare. Jiki kan saba da dobutamin har ya daina jinsa. Bututu kan kamu da cuta karo na biyu da na uku. Haki kan dawo duk da famfo yana aiki. Wasu majinyata sukan zaɓi a bar maganin yana tafiya har numfashin ƙarshe, kuma babu laifi a hakan. Wasu sukan ce ya isa, a riƙa rage shi sannu a hankali, ko a tsayar. Idan za a tsayar, ana tanadar mofin don sarƙewar numfashi da maganin kwantar da hankali tun kafin a taɓa famfon, a kashe harbin na'urar ƙirji, a kira wanda za a kira. Dobutamin zai bar jini cikin kamar rubu'in awa. Milirinon zai iya kai rabin yini, ko fiye idan ƙoda ta gaza. Bayan nan wasu sukan cika cikin awowi, wasu kwanaki, 'yan kaɗan kuma su ba kowa mamaki su yi makonni. Iyalin da aka gaya wa wannan tun watanni uku baya sukan zauna a bakin gado. Waɗanda ba a gaya wa ba sukan kira motar asibiti.